Mudun da Turai ke auna haɗarin maganin feshi da shi

A ƙarshen watan Janairun 2024 manoman Faransa sun tare manyan hanyoyin shiga birnin Paris da taraktocinsu. Koke-kokensu na da yawa: tsadar man dizal, tarin takardun da ake sa su cikewa, da kayan gona masu arha da ake shigowa da su daga waje. Cikin abubuwan da gwamnati ta miƙa musu don su janye, akwai guda ɗaya da ba kuɗi ba ne, ba kuma tallafi ba. Ranar 21 ga Fabrairu, Firaminista Gabriel Attal ya sanar cewa Faransa za ta ajiye ma'aunin da take auna yawan maganin feshi da shi tun 2008, ta koma ga na Tarayyar Turai. A tsohon ma'aunin, alkawuran shekara goma sha biyar ba su rage wani abin a zo a gani ba. A sabon kuwa, ƙasar ta riga ta rage wajen kashi 30 cikin 100. Gonakin su ne dai, magungunan su ne dai, takardun cinikin ma su ne dai. Mudu kawai aka canza.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo a kasuwar hatsi ya san rigimar mudu ba ƙarama ba ce. Ta maganin feshi ta fi wuya, don abin da ake son aunawa ba ya shiga kwano. Haɗarin magani ake nema: ga mai feshi, ga mai ci, ga ƙudan zuma, ga kifi da ƙananan halittun ruwa, ga rijiyar da ke gefen gona. Haɗari kuwa abu biyu ne suka haɗu suka haife shi, ƙarfin gubar da kuma yadda take isa ga wanda za ta cutar. Guba mai ƙarfi da ke rufe cikin kwalba a shago ba ta kashe ko kiyashi. Wadda ba ta kai ta ba, in aka fesa ta ana iska, dab da rafi, lokacin da shuka ke fure, tana iya yin ɓarna mai yawa. Babu ƙasar da ke da ma'aikatan da za su bi kowace gona su ga abin da ya faru. Shi ya sa ake komawa ga alƙaluman da hukumomi ke tarawa, a nemi hanyar tatso haɗari daga cikinsu.

To waɗanne alƙaluma ne a hannu? A 2009 Tarayyar Turai ta kafa dokoki uku a kan maganin feshi. Ɗaya ta shafi ba magani izinin shiga kasuwa, ɗaya ta shafi yadda za a rage haɗarin amfani da shi, ta ukun kuma ta wajabta wa ƙasashe tara ƙididdiga. Tun daga 2011, kowace ƙasa na aika wa hukumar ƙididdiga ta Eurostat yawan maganin da aka sayar a cikinta a shekara. Ana lissafa nauyin ainihin sinadarin da ke kisa, ban da ruwa da sauran abubuwan da ake gaurayawa a cikin jarka. Shekara goma jimlar ƙasashen Tarayyar tana shawagi wajen tan 350,000. A 2022 ta sauko zuwa kusan tan 322,000, a 2023 kuma zuwa kusan 292,000. Faransa, Sifaniya, Jamus da Italiya ne ke ɗauke da wajen kashi biyu cikin uku na wannan ciniki.

Matsalar takardar ciniki ita ce ta tsaya a bakin shago. Ba ta faɗin wace gona aka kai maganin, a kan wace shuka aka fesa shi, a wane wata, ko ma an fesa shi ɗin. Maganin da aka saya don kashe ciyawar layin dogo ko filin wasa yana shiga buhu ɗaya da na gonar alkama. A 2018 cinikin maganin feshi a Faransa ya yi tsalle da fiye da kashi 20 cikin 100, shekarar da ta biyo baya kuma ya faɗi warwas. Dalili shi ne manoma sun ji za a ƙara harajin magani daga 1 ga Janairun 2019, sai suka cika ɗakunan ajiyarsu tun da wuri. Wanda ya kalli jadawalin kawai zai ɗauka annobar ƙwari aka yi a shekara ɗaya, aka tuba a ta gaba. Akwai kuma ƙididdigar ainihin amfani a gona, amma dokar 2009 ta nemi a tara ta sau ɗaya ne cikin shekara biyar, kuma kowace ƙasa ita ke zaɓen amfanin gonar da za ta duba da shekarar da za ta duba shi, don haka ba a iya jera na wannan ƙasa da na waccan. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne bayanan suna nan. Doka ta tilasta wa kowane manomi rubuta abin da ya fesa, da inda ya fesa, da ranar, ya ajiye har shekara uku. A yawancin ƙasashe littattafan na zaune a gidajen gona, ba wanda ke tattara su. Ƙari a kan haka, don kare sirrin kasuwancin kamfanoni, dokar 2009 ta hana Eurostat fitar da cinikin kowane sinadari shi kaɗai, sai dai a dunƙule su rukuni-rukuni.

Da wannan ɗan abin da ke hannu aka ƙera ma'aunin da ake kira HRI 1 a 2019, shekara goma bayan dokar da ta yi alkawarinsa. Lissafinsa ɗan firamare zai iya yi. An kasa magunguna gida huɗu. Waɗanda aka amince haɗarinsu kaɗan ne, ana ninka kilonsu sau 1. Sauran magungunan da ke da izini, waɗanda su ne mafi yawa, sau 8. Waɗanda ke da izini amma an yi musu alamar a nemi madadinsu, sau 16. Waɗanda ba su da izini, sau 64. A haɗa jimla, a kwatanta da matsakaicin shekarun 2011 zuwa 2013, wanda aka ɗauka a matsayin 100. Sakamakon farko ya nuna raguwar kashi 20 cikin 100 zuwa 2017. A watan Mayun 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da shirinta na "daga gona zuwa cokali", ta ce za ta rage amfani da magungunan feshi da haɗarinsu da rabi kafin 2030, kuma kusan da wannan lissafin za a auna, sai dai an mayar da mafarin zuwa 2015 zuwa 2017. Da alƙaluman 2022 suka fito, aka sanar an rage kashi 46 cikin 100. Wato saura ƙiris a cimma buri, shekara takwas kafin wa'adi.

Ka riƙe wannan 46 ɗin a gefe, ka tuna cewa nauyin abin da aka sayar a wannan tsakanin bai ragu da ko kusa da haka ba. Daga ina bambancin ya fito?

Mu fara da kilo. Magungunan feshi ba su zama ɗaya ba wajen yawan da ake buƙata. Farar wuta, wadda masu gonar inabi ke fesawa tun zamanin kakanninsu, kilo da yawa ake zubawa a hekta guda. Deltametirin, maganin ƙwarin da ke da mugun dafi ga kifi da ƙudan zuma, 'yan giram kaɗan sun ishi hekta. Dukansu suna gida na biyu, dukansu ana ninka su sau 8. Ke nan a idon ma'aunin, feshin farar wuta sau ɗaya ya fi na deltametirin haɗari sau ɗaruruwa. Ƙungiyoyin kare muhalli da na masu noman da ba ruwansa da sinadaran masana'anta sun kawo wani misali da ya yi ta yawo a muhawarar. Akwai wani gishiri, ɗan'uwan garin da ake sa wa burodi da kek su kumbura, wanda ake fesa wa itatuwan tuffa don maganin cutar funfuna, wajen kilo 7.5 a hekta. An amince haɗarinsa kaɗan ne, don haka makinsa 7.5. Akwai kuma difenokonazol, shi ma maganin funfuna, wanda ke cikin waɗanda ake neman madadinsu, giram 56 a hekta. Ninka shi sau 16, bai kai maki 1 ba. Manomin da ya bar difenokonazol ya koma ga garin burodi, ya ƙara wa ƙasarsa "haɗari" fiye da ninki takwas a kan takarda. A Jamus da Ostiriya har iskar kabon da ake hura wa rumbunan hatsi don ƙwari su shaƙe tana shiga lissafin ciniki, ita kuwa da tan-tan ake auna ta.

Lambobin 1, 8, 16 da 64 ɗin ma ba daga ɗakin gwaje-gwaje suka fito ba. Zaɓe ne na masu tsara manufa, don a nuna wane rukuni ake son a guje wa. Kotun binciken kuɗi ta Turai ta faɗi haka a rahotonta na watan Fabrairun 2020, inda ta ce babu hujjar kimiyya da aka gabatar a kan waɗannan lambobi, kuma ma'aunin ba ya la'akari da yadda aka yi amfani da magani, da inda aka yi, da lokacin. Tazarar da ke tsakanin gida na biyu da na uku ninki biyu ce kacal, alhali tsakanin magunguna biyu da ke zaune a gida ɗaya ana iya samun bambancin dafi ninki dubu.

Amma babbar ƙofar da raguwar ke shigowa ta wani wajen take, kuma a nan ya kamata a tsaya a yi lissafi da hannu. Duk lokacin da aka janye izinin wani magani, ana ɗauke shi daga gidansa a kai shi gida na huɗu. Ba daga ranar da aka hana shi ake fara ninka shi sau 64 ba. Ana komawa baya ne a sake lissafa duk shekarun da suka wuce, har da shekarun mafari, kamar dama can haramtacce ne. Ga misali na ƙirƙira don a gani. Wata ƙasa na sayar da tan 1,000 a shekara, duka a gida na biyu. Makinta 8,000. Cikin wannan akwai tan 100 na wani magani guda, sai aka hana shi. Manoma suka maye gurbinsa da tan 100 na wani maganin mai izini. Makin bana 8,000 ne, daidai da na da. Sai dai yanzu an sake rubuta na da: tan 900 sau 8 ya ba da 7,200, tan 100 sau 64 ya ba da 6,400, jimla 13,600. Daga 13,600 zuwa 8,000 raguwar kashi 41 cikin 100 ce. Ba a rage ko hekta ɗaya da ake fesawa ba, ba a rage ko kilo ɗaya ba, kuma ba wanda ya tambayi ƙarfin dafin sabon maganin da ya shigo.

Abin da ya faru ke nan a zahiri da manyan magungunan da Turai ta janye a jere. An ƙi sabunta izinin kulorotalonil a 2019, kulorpirifos a farkon 2020, mankozeb a ƙarshen 2020. Biyu daga cikinsu, kulorotalonil da mankozeb, magungunan funfuna ne da ake sayarwa da dubban tan. Kowanne da ya faɗa gida na huɗu, sai shekarun baya su ƙara kumbura, gangaren ya ƙara tsayi.

Kada a fahimce ni baibai. Hana waɗannan magunguna nasara ce ta gaske. An janye kulorpirifos, wanda maganin ƙwari ne, saboda fargabar illarsa ga ƙwaƙwalwar yara tun suna ciki. Ragowar kulorotalonil kuwa an ci gaba da tsintar ta a ruwan sha a Suwizalan da Faransa shekaru bayan an daina fesa shi. Ƙasar da ta rabu da su ta rage haɗari, ba musu. Abin da nake ja a kai shi ne girman lambar da sunan da aka laƙaba mata. Ma'aunin da ke motsi sosai idan an sa hannu a takardar hani, amma ba ya jin komai idan manomi ya koma ga magani mai ƙarfin dafi da ake zubawa da giram, ma'aunin aikin ofis ne, ko da an rubuta "haɗari" a goshinsa. Hukumar Tarayyar Turai da kanta tana da lamba ta biyu da ba a cika ambata ba, wato kilon magungunan da ake neman madadinsu, ba tare da ninki ba. A shekarar da aka yi shelar 46, wannan ta nuna 25. Akwai kuma HRI 2, mai ƙirga izinin gaggawa na kwana 120 da ƙasashe ke bayarwa, sau da yawa ga magungunan da aka riga aka hana. A rahoton farko, lokacin da HRI 1 ya sauka da kashi 20, shi hawa ya yi da kashi 50. Ta wannan ƙofar ce masu noman gwozar sukari suka ci gaba da shuka irin da aka shafe da neonikotinoyid, wani maganin ƙwari mai cutar da ƙudan zuma, bayan an hana amfani da shi a gonaki a 2018, har sai da kotun Tarayyar Turai ta toshe ta a watan Janairun 2023.

Tsohon mudun Faransa, wanda ake kira NODU, ta wata hanya yake bi. Yana ɗaukar abin da aka sayar na kowane sinadari, ya raba shi da yawan da ake zubawa a hekta guda, sai ya fitar da adadin hektocin da aka yi wa feshi. Da haka farar wuta da deltametirin kowanne feshi ɗaya ne, kuma ba a iya ɓuya a bayan ƙaramin nauyi. Shi ne ya yi ta nuna cewa shirin gwamnatin Faransa na rage maganin feshi, wato Ecophyto, wanda ya yi alkawarin rage rabi kafin 2018, aka ɗage zuwa 2025, aka sake ɗagewa zuwa 2030, bai kai ko'ina ba. Manoma na da ƙorafi a kansa, kuma ƙorafin na da tushe: NODU bai san dafi ba. Wanda ya bar magani mai haɗari da ake fesawa sau ɗaya, ya koma ga mai sauƙi da sai an maimaita sau uku, makinsa hawa zai yi. To amma maganin wannan shi ne a ƙara masa awon dafi. Maimakon haka sai aka jefar da shi aka ɗauko wanda ya fi shi makanta, duk da gargaɗin da wasu masanan kwamitin kimiyya na shirin suka yi a rubuce.

Cewa ana iya auna dafi da alƙaluman hukuma, an riga an gwada. A 2021 Ralf Schulz da abokan aikinsa na jami'ar Koblenz-Landau a Jamus suka wallafa bincike a mujallar Science. Sun ɗauki alƙaluman amfani da magunguna 381 a Amurka daga 1992 zuwa 2016, suka raba nauyin kowanne da iyakar da hukumomi suka ce yana fara cutar da wani jinsin halitta, jinsi-jinsi daban. Nauyin maganin ƙwarin da ake fesawa ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Dafin da ke kaiwa ga tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa ya ragu matuƙa, domin an bar tsofaffin magungunan da ke kashe su. Amma dafin da ke kaiwa ga ƙudan zuma da danginsu, da kuma ƙananan halittun ruwa, ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 2005 da 2015, saboda sababbin magungunan da ake zubawa kaɗan-kaɗan. Tambayar "haɗari ya ragu?" ba ta da amsa ɗaya sai an ce haɗari ga wa.

Denmak ta kai abin har cikin aljihun manomi. Tana ba kowane magani maki a fannoni uku: illa ga lafiyar ɗan Adam, daɗewarsa a ƙasa da zirarewarsa cikin ruwa, da dafinsa ga halittu. Tun 2013 harajin magani a ƙasar yana bin wannan maki ne, don haka mai dafi ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma manoma sun kauce wa irin su maganin ƙwari saifametirin. Ta sa wa kanta burin rage nauyin haɗarin da kashi 40 cikin 100 daga matakin 2011, alƙaluman ciniki kuma sun nuna ta kai. Ita ma ta ga manoma sun yi rige-rigen saye kafin harajin ya fara aiki, amma ba ta ruɗe ba, domin manomanta na aika bayanan feshinsu ta intanet duk shekara. Tana da takardar shago, tana da littafin gona, tana iya gwama su.

Dokar da za ta mayar da burin rabi ya zama wajibi a kan kowace ƙasar Turai ba ta rayu ba. An gabatar da ita a Yunin 2022, majalisar dokokin Turai ta yi watsi da ita ranar 22 ga Nuwamban 2023, shugabar Hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen kuma ta sanar da janye ta ranar 6 ga Fabrairun 2024, ana tsakiyar zanga-zangar taraktoci. Maganar dai ba ta tsaya a Turai ba. A Disamban 2022, a Montreal, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare halittu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan, sun amince a rage haɗarin magungunan feshi da aƙalla rabi kafin 2030. Hukumar abinci ta FAO ta ce duniya ta yi amfani da tan miliyan 3.7 na maganin feshi a 2022, ninki biyu na 1990, kuma a ƙasashen da ba sa aiko da rahoto takan yi ƙiyasi ne daga abin da aka shigo da shi ta kan iyaka. Irin wannan lamba ba za ta taɓa ganin ɗan kasuwar da ya yayyafa wa buhun wake fiya-fiya ba, alhali ragowar wannan sinadarin ce ta sa Turai ta rufe wa waken Nijeriya ƙofa a 2015. Haka kuma maganin da aka hana a Turai amma ake ci gaba da sarrafa shi a can don fitarwa, wanda wani binciken 'yan jarida ya gano ya haura tan 81,000 a 2018, ba ya cikin HRI 1 ko kaɗan, tunda ba a kasuwar Turai aka sayar da shi ba.

A 2022 Tarayyar Turai ta kafa sabuwar dokar ƙididdigar noma wadda za ta buɗe littattafan gonar nan da aka daɗe ana bari a rufe. Za a tattara bayanan ainihin feshi, sinadari-sinadari, shuka-shuka, tare da faɗin filin da aka fesa. An tsara zagayen share fage na shekarar 2026, sannan daga 2028 a riƙa yi duk shekara. Kafin a tace alƙaluman 2028 ɗin a fitar da su ga jama'a, an shiga 2030, shekarar da aka ce za a cika alkawarin rabin.